Sipadan: tsibirin da ake rububin zuwa amma aka hana baƙo kwana a kansa

A gabashin jihar Sabah ta ƙasar Malesiya, cikin Tekun Selebes, akwai wani ɗan tsibiri mai suna Sipadan. Girmansa bai wuce hekta 13 ba, mai tafiya a ƙasa zai zagaye shi kafin rabin awa ta cika. Babu otal a kansa, babu kasuwa, babu ƙauye. Masu kwana a wurin ma'aikatan gandun daji ne da jami'an tsaro. Duk da haka mutane na tasowa daga Jamus da Japan da Sin da Ostireliya, su kama ɗaki tun watanni kafin tafiya, su kashe maƙudan kuɗi, don kawai a ba su izinin nutso na wuni guda a ruwan da ke kewaye da shi. Wani ma ya zo ya koma bai samu ba.

Abin da ya jawo wannan rububi ya fara ne daga siffar wurin. Sauran tsibiran da ke gaɓar garin Semporna suna zaune ne a kan tudun da ya miƙo daga babban tsibirin Borneo, inda ruwa ba shi da zurfi sosai. Sipadan daban yake. Kan wani tsohon dutse mai aman wuta ne da ya daɗe da mutuwa, wanda ya taso shi kaɗai daga ƙasan teku har tsawon kimanin mita 600, murjani ya yi ta ginuwa a kansa shekara dubbai har ya leƙo sama. Shi kaɗai ne irinsa a duk Malesiya. Ta gefen arewa, mutum zai taka daga bakin yashi, ruwa iya gwiwa, iya ƙugu, sai kawai ƙasa ta ƙare. Abin da ke ƙarƙashinsa bango ne a tsaye da ya gangara cikin duhu.

Ruwa mai gudu idan ya bugi wannan bango yakan ɗago abincin da ke can ƙasa zuwa sama. Ƙananan kifaye su taru a kan abincin, manya su biyo ƙanana, mafarautan teku su biyo manya. Shi ya sa abin da a wani wuri sai an shiga tsakiyar teku ake gani, a nan yana dab da gaɓa. A kusurwar da ake kira Barracuda Point, dubban kifin barakuda kan haɗu su yi ta juyawa a da'ira ɗaya har su tare wa na ƙasansu hasken rana. Da sassafe garken wani ƙaton kifi mai ƙullutu a goshi da haƙora a haɗe kan fito kiwo. Babba a cikinsu ya haura mita ɗaya, abincinsa murjani ne, yana gatsa yana niƙawa yana kasayar da farin yashi, kifi ɗaya kan niƙe wajen ton biyar a shekara. Wani kaso na yashin da baƙi ke ɗaukar hoto a kansa ta cikin wannan kifi ya biyo.

Shi kansa murjanin, ko da ido na ganinsa dutse ko tsiro, ƙananan halittu ne masu rai da ke zaune a gungu, kowace tana gina wa kanta ɓawo. A cikin jikinsu akwai wata gansakuka da ke haɗa musu abinci daga hasken rana, ita ce kuma ke ba su launi. Sipadan yana cikin yankin da ya haɗa ruwan Indunusiya, Malesiya, Filifin, Papua New Guinea, Tsibiran Solomon da Timor ta Gabas, inda ake samun kusan kashi uku cikin huɗu na dukkan nau'o'in murjani masu gina tudu a duniya.

Amma tambarin wurin kunkurun teku ne. A wasu ƙasashe mai nutso zai yi mako yana fatan ya ga ɗaya. A nan ganin goma ko ashirin a nutso guda ba labari ba ne. Matan kan hau tudu da dare, su tona rami, su zuba ƙwai wajen ɗari, su binne su koma ruwa. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fito su nufi teku, hasken sararin sama a kan ruwa ne jagoransu, don haka fitilar lantarki ɗaya a bakin gaɓa ta isa ta juya musu hanya. Macen da ta tsira ta girma, bayan shekara ashirin ko fiye, yankin da aka ƙyanƙyashe ta take komawa ta yi nata ƙwan. Wannan ne ya sa ɗan yashin Sipadan ke da nauyin da ya fi girmansa. A jikin bangon, wajen mita 20 ƙasa, akwai wani kogo mai lunguna da ake kira Kabarin Kunkuru, cike da ƙasusuwan waɗanda suka shiga suka rasa hanyar fita. Kunkuru da huhu yake numfashi, dole ya leƙo sama ya shaƙi iska.

Duniya ta san da wurin ne a ƙarshen shekarun 1980, bayan Jacques Cousteau, Bafaranshen da shi da injiniya Émile Gagnan suka ƙirƙiro na'urar numfashi a ƙarƙashin ruwa a 1943, ya kai ziyara da jirginsa Calypso ya ɗauki fim a can. Daga nan kamfanonin nutso suka kafa bukkoki a kan tsibirin, baƙi suka yi ta ƙaruwa. Sai janareto, sai fitilu, sai shara da ruwan wanka da na ban-ɗaki, duk a fili da bai kai wata unguwar ba.

A lokacin da ake wannan hada-hada, ba a ma daidaita kan mai tsibirin ba. Tun 1969, sa'ad da Malesiya da Indunusiya suka zauna raba iyakar ƙasan teku, aka gano kowace na ɗaukar Sipadan da maƙwabcinsa Ligitan a matsayin nata. Aka yi ta jan magana kusan shekara talatin, har a 1997 suka amince su kai ƙara Kotun Duniya da ke Heg.

Hujjar Indunusiya yarjejeniya ce ta 1891 tsakanin Birtaniya da Holan, masu mulkin mallakar yankin a lokacin, wadda ta ja layi ta ratsa tsibirin Sebatik. Ta ce layin bai tsaya a gaɓar Sebatik ba, ya zarce cikin teku ta gabas, kuma tsibiran biyu suna kudu da shi, wato rabon Holan, wanda ita ta gada. Malesiya kuma ta kawo salsala: daga Sarkin Sulu, masarautar da ke kudancin Filifin ta yau, zuwa Sifen, zuwa Amurka, zuwa Birtaniya, zuwa gare ta. Kotu ta duba duka biyun ta ce babu wadda ta tsaya da ƙafarta. Layin 1891 a Sebatik ya ƙare, salsalar Malesiya kuma babu inda ta nuna cewa waɗannan tsibirai na cikin abin da aka yi ta miƙawa.

Da takarda ta kasa, sai alƙalai suka koma ga tambaya ɗaya: wa ya taɓa yin aikin hukuma a wurin? A nan ne ƙwan kunkuru ya yi rana. Mahukuntan Borneo ta Arewa, wato Sabah ta yau lokacin da take ƙarƙashin Turawan Ingila, sun kafa dokar kare kunkuru a 1917, suna ba da lasisin ɗibar ƙwai, suna sasanta rigimar masu ɗiba a Sipadan. A 1933 sun ayyana tsibirin a matsayin mafakar tsuntsaye. A 1962 sun gina hasumiyar fitilar jiragen ruwa a Sipadan, a 1963 a Ligitan, Malesiya kuma ta ci gaba da kula da su. Duk tsawon wannan lokaci Holan ba ta ce uffan ba, Indunusiya ma haka. Ita Indunusiya ta kawo batun sintirin jiragen yaƙi da kuma masuntanta da suka daɗe suna kamun kifi a wurin, kotu ta ce harkar masunta harkar kansu ce, ba aikin gwamnati ba. Ranar 17 ga Disamba 2002, da ƙuri'a 16 a kan 1, aka ba Malesiya.

Ɗan Najeriya zai ji wannan shekara ta yi masa wani iri, da dalili. Wata biyu da 'yan kwanaki kafin nan, ranar 10 ga Oktoba 2002, wannan kotu ce ta ba Kamaru yankin Bakassi da kuma ƙauyukan yankin Darak a Tafkin Chadi, inda masunta da 'yan kasuwa Hausawa suka daɗe da zama. Najeriya ta kafa hujja da irin abin da ya ba Malesiya nasara: mu ke karɓar haraji, mu muka gina makarantu da asibitoci, mutanenmu ne a wurin. Aka ce mata a'a. Mai kallo daga nesa zai ce son kai ne, amma ƙa'idar ɗaya ce a shari'un biyu. Inda akwai yarjejeniyar da ta fayyace mai wuri, kamar ta Birtaniya da Jamus ta 1913 a kan Bakassi, aikin hukuma ba ya ture ta komai yawansa. Inda babu, ɗan aikin hukuma kaɗan ya isa. Ko wannan adalci ne ga mazauna wuraren, wata magana ce daban, domin a shari'un biyu abin da Turawan mulkin mallaka suka rubuta ko suka aikata shi ya yanke hukunci, ba bakin mutanen da ke rayuwa a ruwan ba.

Tun shari'ar na gaban kotu wani abu ya faru da ya sauya komai. Daren Lahadin Ista, 23 ga Afrilu 2000, 'yan bindigar ƙungiyar Abu Sayyaf daga kudancin Filifin suka sauka a Sipadan, suka kwashe mutum 21: baƙi goma daga Jamus, Faransa, Finland, Afirka ta Kudu da Lebanon, da ma'aikata goma sha ɗaya. Suka tsallaka da su tsibirin Jolo. An ɗauki watanni ana ciniki, Libiya ta zamanin Gaddafi ta shiga tsakani, aka saki mafi yawansu a cikin shekarar, rahotanni kuma suka ce an biya miliyoyin daloli kuɗin fansa. Na ƙarshe a cikinsu, wani ma'aikaci ɗan Filifin, sai a 2003 ya kuɓuta.

Da Malesiya ta samu hukuncin kotu a hannu, ta umarci duk masu masauki su tattara su bar tsibirin kafin ƙarshen 2004. Dalilin da aka bayar a hukumance kare muhalli ne, kuma gaskiya ne wurin ya fara jigata. Amma ba sai an yi dogon tunani ba kafin a ga cewa tsibirin da ba baƙon da ke kwana a kansa ya fi sauƙin gadi. A ganina dalilan biyu ne suka haɗu, kuma da wuya kunkuru shi kaɗai ya iya korar masu otal. Ita ma gwamnatin ba ta tsira daga zargi ba: a watan Mayun 2006 wani jirgin dakon kayan gini, da ya kawo kaya don aikin da hukuma ta bayar a tsibirin, ya hau kan murjani ya kankare wani sashe, aka yi ta ce-ce-ku-ce.

Daga 2006 aka shigo da tsarin izini. Hukumar Sabah Parks, mai kula da gandayen jihar, ta ƙayyade mutum 120 a rana. A 2019 adadin ya koma 176, an kuma sake ɗaga shi bayan haka. Daga Oktoban 2022 aka ƙara sharuɗɗa: sai mai shaidar nutso ta mataki na biyu, kuma nutso biyu kacal a rana. An kuma ɓullo da rufe tsibirin gaba ɗaya a watan Nuwamba don ruwan ya huta.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ba a sayar wa mutum izinin kai tsaye. Hukuma na raba shi ne ga kamfanonin nutso masu rajista, kowane da rabonsa na yini, su kuma su raba wa baƙinsu. Kamfanin da ke da baƙi hamsin da izini goma sha biyu dole ya yi layi. Hanyar da suka ɓullo da ita ita ce sharaɗin kwanaki: sai ka kwana uku ko huɗu a wurinsu kana nutso a wasu tsibiran kafin a ba ka yini ɗaya a Sipadan. Takardar da aka ƙirƙira don kare murjani ta zama ƙugiyar riƙe baƙo. Mai niyyar zuwa, tambayar da ta fi kuɗin ɗaki muhimmanci ita ce ko an tabbatar masa da ranarsa a rubuce, da sunansa da lambar fasfonsa, ko kuwa "za mu duba" aka ce masa.

Hanyar kanta doguwa ce. Daga Kuala Lumpur jirgi kan yi kusan awa uku zuwa Tawau. Ɗalibanmu da ke karatu a Malesiya su lura, Sabah tana da nata ikon shige da fice, don haka ko daga babban birnin ƙasar mutum ya taso sai an duba fasfonsa an buga hatimi. Daga Tawau mota ce, kamar awa ɗaya da rabi zuwa Semporna, garin masunta da mafi yawan mutanensa Musulmi ne. Daga nan kwale-kwale mai inji, minti arba'in da wani abu zuwa tsibirin Mabul, inda mafi yawan baƙi ke kwana. Daga Mabul zuwa Sipadan bai kai rabin awa ba. A hanya za a ga jami'an tsaro da yawa. Bayan da wasu 'yan bindiga masu biyayya ga Jamalul Kiram na Uku, mai iƙirarin sarautar Sulu, suka kutsa yankin Lahad Datu a Fabrairun 2013, gwamnati ta kafa rundunar tsaro ta musamman ga gabashin Sabah. A Yulin 2014, bayan wani hari a Mabul da aka kashe ɗan sanda aka sace wani, aka sa dokar hana zirga-zirgar dare a teku.

Sharaɗin shaidar mataki na biyu yana buƙatar bayani, don mutane da yawa na ɗauka wata dabara ce ta tatsar kuɗi. Akwai ƙamshin haka, tun da su kamfanonin ne ke koyar da kwas ɗin. Amma dalilin na gaske yana cikin jikin mutum.

Iskar da ke cikin tukunyar da mai nutso ke goyawa ba zallan oksijin ba ce kamar yadda ake zato. Iskar da muke shaƙa ce aka matse, kashi 78 cikin ɗari naitirojin, 21 oksijin. A bakin teku, nauyin iskar sama a kan jikinmu awo ɗaya ne. Kowace mita 10 da mutum ya sauka cikin ruwa, awo ɗaya ke ƙaruwa. A mita 10 biyu ne, a mita 30 huɗu. Na'urar da ke bakinsa tana ba shi iska daidai da matsin da ke kewaye da shi, in ba haka ba ƙirjinsa ba zai buɗe ba. Ke nan a mita 30 kowane numfashi yana cin ninki huɗu na abin da yake ci a sama, tukunya na saurin ƙarewa, naitirojin kuma na ta narkewa cikin jini da tsoka.

Muddin yana ƙasa ba matsala. Matsalar tana wajen hawowa. Lemon kwalba ne misalin: gas ɗin na narke a ciki ba a ganinsa, in aka sassauta murfi a hankali ya fice salin-alin, in aka ɓalle shi da gaggawa ya yi kumfa ya yi ambaliya. Wanda ya taso da sauri, kumfar a cikin jininsa da gaɓoɓinsa take tashi. Mai sauƙi a cikin wannan cuta ciwon gaɓoɓi ne da ƙaiƙayi, mai tsanani shanyewar jiki ko mutuwa, maganinsa kuma sai an sa mutum a wani ɗaki na musamman da ake mayar masa da matsin sannan a sassauta a hankali. Shi ya sa ake hawowa sannu, a tsaya minti uku a mita biyar, kuma ba a shiga jirgin sama sai an yi aƙalla awa 18 bayan nutson ƙarshe in an jera nutso da yawa. Akwai kuma doka ta farko da ake koya wa kowa: kada ka riƙe numfashi kana hawowa, domin iskar da ke huhu na kumbura yayin da matsi ke raguwa, tana iya yaga shi. Wajen mita 30 kuma naitirojin kan fara juya wa mutum kai, ya ji wani nishaɗi, lissafinsa ya yi rauni.

Shaidar mataki na farko, wadda ake samu a kwana uku ko huɗu bayan mutum ya nuna zai iya iyo na mita 200 ya kuma tsaya a kan ruwa minti goma, iyakarta mita 18. Ta biyu ta kai mita 30. A mafi yawan wuraren koyo, ƙasa ce ke tare ɗalibi: in ya yi sakaci ya nutse, yashi zai tsayar da shi a mita 12 ko 15. A bangon Sipadan ba abin da zai tare shi. Sabon hannu da idonsa ya tafi kan kunkuru, ruwa garau ba alamar zurfi, ga gudun ruwa na jansa, zai iya kai mita 40 bai ankara ba. Kuma wanda bai iya daidaita kansa a tsakiyar ruwa ba, shi ne ke kai ƙafa ya karya reshen murjanin da ya yi shekaru yana girma, ko ya damƙe shi don tsoro. Ta wannan fuska sharaɗin ya yi daidai, sai dai kwas na nutso biyar ba ya mayar da kowa gwani.

Tsarin ya yi aiki a Sipadan. Kunkuru na hawa yashi babu fitila, kifin na nan, babu mai jefa koma. Amma nauyin da aka sauke daga kansa ba ɓacewa ya yi ba, Mabul aka kai shi. Tsibiri ne shi ma ƙarami, yanzu cike da masaukai, wasu a tudu wasu a kan turaku cikin ruwa, har da wani tsohon dandamalin aikin haƙar mai da aka mayar otal a gefensa. A tsakanin waɗannan masaukai akwai ƙauyuka na mutum dubu biyu ko fiye, 'yan ƙabilar Bajau da Suluk, cikin ƙarancin ruwan sha da rashin wurin zubar da shara. Katanga ɗaya ce ke raba ɗakin da ake biyan ɗaruruwan daloli da bukkar da yara ke bin baƙi suna roƙo.

Bajau na teku su ne mutanen da suka fi kowa sanin wannan ruwa. Ƙarni da yawa suna rayuwa a cikin kwale-kwale tsakanin Sulu da Sabah da tsibirin Sulawesi na Indunusiya, suna nutso da numfashi ɗaya, ba tukunya, da tabarau na katako da mashi. Wani bincike da aka wallafa a 2018 a kan Bajau na Sulawesi ya gano saifarsu ta fi ta maƙwabtansu mazauna tudu girma da kusan rabi, har da waɗanda ba sa nutso a cikinsu, abin da ke nuna gado ne. Saifa rumbu ce ta jajayen ƙwayoyin jini, tana matsewa ta sako su lokacin da mutum ya riƙe numfashi. Da yawa daga Bajau na Semporna 'yan ƙasa ne, suna cikin siyasa da kasuwanci, har ana bikin kwale-kwalensu na gargajiya mai suna lepa duk shekara a garin. Amma dubbai daga cikin na tekun ba su da takardar kowace ƙasa. Iyakokin da aka ja sun same su ne a kan ruwa. Marar takarda ba ya shiga makarantar gwamnati, ba ya samun aiki a rubuce, asibiti kuma kuɗin baƙo ake cajinsa.

Su ake yawan ɗora wa laifin kamun kifi da bam, wato a cika kwalba da takin zamani da man fetur ko kananzir a jefa cikin garken kifi. Ɓarnar gaskiya ce, bam ɗaya na rugurguza murjanin da zai yi shekaru bai farfaɗo ba, masu nutso a yankin kan ji ƙararsa a ƙirjinsu, kuma a Yulin 2019 wasu masu nutso uku, baƙi biyu 'yan Sin da malaminsu, sun mutu a ruwan Semporna a abin da 'yan sanda suka danganta da irin wannan bam. Sai dai mai jefa kwalbar shi ne na ƙarshe a layin. Akwai mai kawo takin da abin tayarwa, akwai dillalin da ke ba da bashi ya karɓi kifin da araha, akwai gidajen cin abincin da baƙi ke cika suna neman kifi da ƙaguwa masu rai. Wanda aka hana shi wuraren da kakanninsa ke su, aka kuma hana shi takardar da zai nemi wani aiki da ita, ba a bar masa zaɓi mai yawa ba. A Yunin 2024 hukumomin Sabah suka rushe gidajen kan ruwa na ɗaruruwan Bajau a tsibiran gandun ruwa na Tun Sakaran, arewa maso gabas da Semporna, suka ce an gina su ba bisa ƙa'ida ba kuma akwai batun tsaro. Masu kare haƙƙin ɗan Adam suka tambayi inda ake so su koma.

Akwai kuma abin da izini ba ya tarewa. Idan zafin ruwa ya haura abin da murjani ya saba da digiri ɗaya kacal na tsawon makonni, yakan kori gansakukar da ke ciyar da shi, ya yi fari fat, in zafin ya daɗe ya mutu. Hakan ya faru a faɗin duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, sannan a Afrilun 2024 aka sanar da karo na huɗu. Shi ma kunkuru zafin yashi ne ke yanke ko ƙwai zai zama mace ko namiji: sama da kimanin digiri 29, mata ke rinjaye. Rufe tsibiri wata guda ba ya sanyaya teku. Abin da yake yi shi ne rage wa murjanin sauran wahalhalu, don in zafin ya zo ya same shi da sauran ƙarfi. Da wannan ma'auni, ɗaga adadin masu shiga daga 120 zuwa 176 zuwa sama da haka tafiya ce ta baya, ko da rage yawan nutson kowane mutum ya ɗan cike giɓin. Matsin lambar ƙara adadin daga masu masaukai yake fitowa, kuma kowane sabon ɗaki da aka gina a Mabul ko Semporna ƙarin baki ne da zai nemi a ba shi rabonsa.